Amsa kan fankar laftof da ba ta hutawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure barkanmu da yamma, ya aiki, ya zafi. Ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, ina shago hannuna duk ƙura, ba zan iya dogon rubutu ba.

Ƙanwata, na saurari saƙonki tun bayan azahar. Kin ce laftof ɗinki HP EliteBook 840 G3 ce, ta hannu kika saya, kuma daga kunnawa har kashewa fankarta ba ta tsayawa, ƙarar tana damunki idan kina rubutun furojet da dare, shi ne kike tambaya ko akwai manhajar da za ki sa ki rage mata gudu. Na ga wani ɗan'uwa ya ce ki sauke SpeedFan. Allah ya saka masa da alheri, niyyarsa taimako ce, amma don Allah ki dakata tukuna. Ita wannan manhajar tsohuwa ce, ta fi dacewa da kwamfutocin tebur na da, yawancin laftof ko ganin fankarsu ba ta yi. Kuma ko da ta gani, ba nan ya kamata ki fara ba.

Kin ga ita fanka ba da ra'ayinta take juyawa ba. Akwai wani ɗan ƙaramin guntu a kan bod ɗin laftof, aikinsa ya riƙa duba zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, in zafi ya hau ya ce wa fanka ƙara gudu, in ya sauka ya ce huta. To in kika ji tana gudu ba tsayawa, wani abu take gaya miki. Furosesar da ke cikin irin taki, yawanci i5 ce ta ƙarni na shida, iyakar zafin da take ɗauka digiri 100 ne. In ta kusa kai nan sai ta rage wa kanta ƙarfi, ki ga komai yana jan jiki, in abin ya ci gaba sai laftof ɗin ta mutu da kanta ba sallama. In kika danne fanka alhali zafin yana nan, can kika tura ta.

Ga abin da nake so ki yi yau da dare, ba ya buƙatar ko sisi. Ki kunna ta, ki bar ta minti goma ba ki buɗe komai ba, sai ki kai bayan hannunki gefen hagu inda iska ke fita. Abu uku ne, ɗaya za ki ji.

In iskar da ke fita mai sanyi ce, fanka na juyawa amma ba zafi, to wannan ita ce mafi sauƙi, kuma a irin HP ɗin nan na sha ganinta. Ki lura, in kika zare caja tana yin shiru? In haka ne, saiti ne kawai. Ki kashe ta, ki kunna, ki riƙa danna F10 har BIOS ya buɗe, wato shafin saitin laftof da ke zuwa kafin Windows ta tashi. Ki shiga Advanced, ki nemi Built-In Device Options, a ciki za ki ga layin da aka rubuta Fan Always on while on AC Power, ma'ana fanka ta yi ta juyawa muddin caja na jiki. Ki cire alamar da ke kansa, ki adana, ki fita. Kada ki taɓa wani abu daban a wurin, wannan layin kaɗai. Shi kenan, sai zafi ya taso za ta tashi.

In kuma iskar mai zafi ce kuma tana fitowa da ƙarfi, to hanyar iska a buɗe take, furosesar ce ke ta aikin da ba ki sa ta ba. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki danna kan CPU, wato furosesa, ya jera miki manhajojin daga mai ci da yawa zuwa ƙasa. Laftof da ke zaune ba a komai da ita bai kamata ta wuce kashi goma ba na dogon lokaci. Wani lokaci Windows ce ke sabunta kanta, wannan ki bar ta ta gama. Wani lokaci Chrome ne da shafuka ashirin a buɗe. Wani lokaci riga-kafin bairos guda biyu aka cusa mata suna kokawa da juna, ki cire ɗaya, wanda ya zo da Windows ɗin ma ya isa. Akwai kuma wanda ya fi damuna, manhajojin sata da ake loda wa mutane kyauta ranar da suka sayi laftof. Wasunsu suna zuwa da ɓoyayyen abu mai haƙar kuɗin kirifto, yana amfani da furosesarki da batirinki yana tara wa wani can. In kika ga wani suna da ba ki sani ba yana cin kashi sittin ko tamanin, ki ɗauki hotonsa ki turo nan mu gani.

Na ukun shi ne wanda nake zargi, kuma shi zan tsaya a kai. Fanka na ihu, saman kibod da ƙasan laftof sun ɗauki zafi, amma in kika kai hannu iskar da ke fita 'yar kaɗan ce. Wannan ƙura ce, ƙanwata. Bari in kwatanta miki cikin. A kan furosesa akwai wani bututun jan ƙarfe da ke kwasar zafi ya kai shi bakin mafitar iska, a nan kuma akwai wasu siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji, kamar dai lagireton mota. Fanka tana hura iska ta tsakaninsu. To duk ƙurar da ta zuƙo, da gashin bargo, da zaren kafet, a bakin matajin nan suke taruwa, su dunƙule su zama kamar auduga. Wallahi akwai wadda nake buɗewa in ɗago ƙurar nan a haɗe, falle guda, kamar an yanko tsumma. Fanka tana iya ƙoƙarinta amma ƙofa a toshe, zafi bai fita ba, guntun nan kuma yana ta ce mata ƙara gudu.

Ki tuna wannan samfurin tun 2016 ya fito. Ta yi shekarunta a wani ofis a Turai ko Amurka, aka loda ta a kwantena, ta zo ta zauna a kanta, sannan ta sha hunturunmu. Ke kin san yadda hazo yake yi mana daga Disamba zuwa Fabrairu, ki share tebur da safe kafin la'asar ki rubuta sunanki a kai. Abin da ke sauka a kan teburin nan shi fanka ke zuƙa duk yini. Ga kuma bazara. Masu ƙera laftof yawanci suna rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Kano watan Afrilu da Mayu muna haura 40, ga ɗakin kwano, ga ba wuta. Iskar da za ta sanyaya ta ma da zafinta take shiga. Don haka a watannin nan ko lafiyayyar laftof za ki ji fankarta ta fi yawan tashi, wannan ba ciwo ba ne.

Maganin ƙura shi ne a buɗe murfin ƙasa, a cire batir tukuna, a kwance fankar a ɗago ta, a zare dunƙulen da hannu ko da ɗan buroshi, sannan a hura. Ina roƙon 'yan'uwa masu gyara da ke cikin zauren nan, a daina kafa bulowa daga waje a bar fanka tana ta wulwulawa. Ƙurar ciki take komawa, kuma gudun da ya wuce ƙa'ida yana cinye boris ɗin fankar. A dafe fiffikenta da tsinken sakace ko yatsa kafin a hura. Ke ma kada ki hura da baki, akwai danshi.

Tunda an buɗe, a duba man da ke tsakanin furosesa da bututun nan. Wani toka-tokan mai ne da ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce sosai. In ya shekara da yawa yana bushewa ya zama kamar busasshen laka. A goge shi da sifirit, a sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa. Ki ce a sa miki mai kyau irin su Arctic MX-4, kuma a buɗe shi a gabanki. Na taɓa buɗe wata na tarar an shafa mata makilin, abin ya ba ni takaici ƙwarai, don mai ita kuɗinsa ya biya.

Yauwa, yanzu maganar rage gudun da kika tambaya, don akwai hanyar da ba ta da haɗari. Maimakon ki taɓa fanka, ki rage zafin da furosesa ke haifarwa. Ki shiga Control Panel, Power Options, ki buɗe saitin tsarin da kike kai, ki shiga na ciki, ki nemi Processor power management, a ƙarƙashinsa akwai Maximum processor state. Za ki ga 100, ki mai da shi 99, na batir da na caja duka. Kashi ɗayan nan yana hana furosesa yin wannan zaburar da Intel ke kira Turbo Boost. Misali i5-6300U gudunta na asali 2.4 GHz ne, in ta zabura tana kai 3.0 GHz, kuma a zaburar nan zafi ya fi tasowa. Ga mai rubutu a Word da karanta PDF ba za ki ji bambanci ba sai dai shirun. Masu Dell kuna da Dell Power Manager, akwai zaɓin Quiet a ciki. Masu Lenovo IdeaPad ku gwada Fn da Q, ko ku duba Lenovo Vantage. Waɗannan kamfanin ne ya yi su, ya san iyakar da ba za a tsallake ba.

Akwai manhajoji irin su NoteBook FanControl da ke shiga su karɓe linzamin fanka kai tsaye, suna aiki a wasu samfura, amma ni ba na ba wanda bai saba ba. Wani yaro ɗalibi ya taɓa kawo min tasa, ya saukar da fanka ƙasa sosai don ya samu shiru, ya manta, ya bar ta a kan katifa tana sauke fim har gari ya waye. Tun daga ranar take mutuwa da kanta, batirin ya kumbura har ya ɗaga wurin linzamin yatsa. Kuɗin da ya kashe ya ninka na wankin ƙura sau da yawa, kuma lokacin jarrabawa ne, na tausaya masa.

Maganar katifa kuwa, na san da dare a kan gado kike aiki, kusan duk ɗalibai haka ne. Ta ƙasa take shaƙar iska, in kika ɗora ta a bargo ko filo ko darduma kin toshe mata hanci. Ki samu tire ko faffaɗan katako ki ɗora ta, ki ɗan ɗaga bayanta da murfin gora biyu. Ba sai kin sayi faifan nan mai fanka ba, yana ɗan taimakawa amma ba ya cire ƙurar da ke ciki.

Abu ɗaya da ba ya jira: in ƙarar ba ta iska ba ce, kina jin kar-kar-kar kamar ana goga abu, ko kuma da kin kunna HP ta nuna miki saƙo mai lamba 90B, to fankar ce da kanta ta gaji, canza ta za a yi, kuma ta irin taki ana samu a kasuwar kwamfuta ta Beirut Road a Kano ba wahala.

Ki sauke HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, su ba sa taɓa komai, zafi kawai suke nunawa. In tana zaune tsakanin digiri 40 da 55 lafiya lau. In ba ki komai amma tana 75 ko 80, a buɗe ta cikin makon nan. Ki turo min lambar da kika gani da abin da hannunki ya ji a bakin iskar, in Allah ya kai mu gobe da safe zan duba kafin in fita. Ki gaida su Mama. Wassalamu alaikum.