Shin ƙwayar sinadari ɗaya za ta iya yin aikin tiransista?

Tambaya: Malam, ina gyaran waya a Banex, Wuse 2, Abuja. Na ji ana cewa nan gaba ƙwayar sinadari guda ɗaya, wadda ake kira radikal, za ta maye gurbin tiransista, wato ɗan mitsitsin makunnin wuta da ke cikin na'urori. Gaskiya ne ko zancen teburin mai shayi ne?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, Malam, sai dai abin bai fita daga ɗakin bincike ba tukuna. A yawancin ƙwayoyin sinadari, elektron, wato 'yan ƙananan ɓurɓushi masu ɗauke da cajin lantarki, bibbiyu suke zama. Radikal kuwa tana da guda ɗaya marar abokin zama, wanda ke aiki kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu. Shi ake nema, don a ajiye bayani a inda ya fuskanta: sama 1, ƙasa 0. Moses Gomberg ne ya gano irin wannan ƙwaya a 1900 a Jami'ar Michigan, sannan a 1974 masana Aviram da Ratner suka kawo shawarar yin diyod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da ƙwaya ɗaya.

Ga yadda ake gwajin: ana lanƙwasa siririyar wayar zinare a hankali har ta tsinke, ta bar giɓi na kimanin nanomita 1, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Sai ƙwayar ta shiga tsakani, ta kama zinaren gefe biyu, galibi da sinadarin farar wuta da aka maƙala mata. A tura wuta, a auna. Ana maimaitawa sau dubbai, domin kowane karo zamanta daban ne.

Matsalar ita ce radikal ba ta son kaɗaici. Iskar oksijin ko wata 'yar'uwarta na iya kama elektron ɗin, shi ke nan aiki ya lalace. Shi ya sa ake son wani nau'in radikal da ake kira PTM, wanda ƙwayoyin kulorin 15 suka yi wa tsakiyarsa katanga. Zinaren ma kansa kan ƙwace elektron ɗin ko ya ƙara wani, kuma a ganina wannan ce ta fi wuyar magani. Ga batun sanyi: a 2015 masu bincike a birnin Delft na ƙasar Holan sun ga alamar maganaɗisun PTM a irin wannan giɓi, amma a sanyin da ya kusa digiri 270 ƙasa da sifili.

Tambaya: To za ta shigo waya nan kusa?

Amsa: A furosesa, wato ƙwaƙwalwar waya, a'a. Tiransistocinta biliyoyi ne, duk na silikon. Batir da sikirin sun fi kusa: kamfanin NEC ya gwada batir na radikal, kuma a 2018 an haɗa OLED, wato fitilar da ake yin sikirin da ita, mai jan haske da radikal.