Mu uku ke biyan kuɗin ɗaki, amma sunan mutum ɗaya ne a rasit

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Funtuwa ne, ina saida kayan waya a Abuja amma a Mararaba nake kwana. Mu uku ne a ɗaki ɗaya a wani gidan haya mai ɗaki 12, duk shekara kowa na kawo kasonsa, sai dai wanda ya fara kama ɗakin shi ke kai kuɗin kuma sunansa ne a rasit. To yanzu ya yi aure ya tashi, saura wata biyar kuɗinmu ya ƙare, kawai sai ga kiyateka, mai kula da gidan, wai mu fita nan da sati biyu, wai mai gida bai san da zamanmu ba kuma dama baya son gwauraye. Don Allah muna da wani haƙƙi ko mu tattara komatsanmu? Daga ɗanki a Mararaba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka tattara komai tukuna, ɗauki waya ka kira angon nan ka tambaye shi abu ɗaya, shin da zai tashi ya je ya ce wa mai gida ya saki ɗakin, ko ma ya karɓi ragowar kuɗi? Domin nan maganar take. In bai saki ba to hayarsa na nan da ranta har wata biyar ɗin nan su cika, ku kuma kuna zaune ne a inuwarsa. In kuwa ya saki a ɓoye, to da shi za ku yi rigimar kuɗinku.

Gaskiyar da ba za ka so ji ba ita ce a idon doka ɗan haya shi ne wanda ya ƙulla da mai gida, wanda sunansa ke kan rasit ko agrimen. Ku biyun nan matsayinku bai kai nasa ƙarfi ba, musamman in an rubuta cewa ba zai saka wani a ɗakin ba sai da izini. Amma fa zancen bai san da ku ba, ni dai ban yarda ba, gidan da ake layin banɗaki da asuba kowa da bokitinsa, ake raba kuɗin wuta da na kwashe masai kai-kai, kiyateka yana zuwa yana ƙirga kawuna yana karɓa, yau kuma ya ce bai taɓa ganinku ba? Haba.

Batun sati biyu kuma barazana ce. A dokar Abuja da ta Legas ta 2011, in ba a rubuta wani abu daban a agrimen ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, bayan nan a ƙara masa na kwana bakwai sannan a tafi kotu, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Mararaba dai a jihar Nasarawa take, ƙaramar hukumar Karu, don haka dokar jihar ce za ta yi aiki a kanku, amma babu jihar da ta yarda mai gida ya cire ƙofa ko kwano ko ya watso maka kaya waje da hannunsa. In aka yi muku haka ku ɗauki hoto ku kai ƙara.

Wannan ƙin gwauraye da masu gidaje ke yi yana ban mamaki wallahi, to in ba su ba su waye a gidajen? 'Yan ci-rani ne, da 'yan acaɓa da leburori da masu gadi da 'yan bautar ƙasa da ƙananan ma'aikatan da albashinsu ba zai kama ko kicin a unguwar Wuse ta Abuja ba, sai sabbin ma'aurata masu ciki da falo da zawarawa da 'ya'yansu a ɗakin ƙurya. Rusau ɗin da aka yi a Abuja lokacin da El-Rufa'i ke minista, 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo jama'a Mararaba da Masaka, kuma da yawa haka suka fara, ɗan garinku ya ba ka gefen katifa kafin ka tsaya da ƙafarka. A Kano ko Zariya na fahimci uzurin, gida ne na matan aure an rubuta ba a shiga a zaure, amma Mararaba?

Abin yi, ku ɗauki angon ku haɗa da wani babba, limaminku ko Sarkin Hausawan unguwa, ku je wajen mai gidan da kansa, ku tsallake kiyateka don sau tari shi ke son ɗaki ya fita ya ci sabuwar la'ada. Ku nemi a mayar da hayar da sunanku ku biyu, kowa sunansa ya fito a rasit, kuɗi kuma ta banki don alat ya zama shaida. Ku shirya jin ƙarin kuɗi da na agrimen, da wuya ku tsallake wannan. In ya ƙi, ku roƙi a bar ku ku cinye wata biyar ɗinku a rubuce, kuna neman wani ɗakin a hankali tun yanzu.