Tambaya da Amsa: Samarin da aka tura Schweinfurt

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya kan yaƙin duniya na biyu. Na ji an ce jiragen Amurka da rana tsaka suke zuwa jefa bam kan masana'antun Jamus, to wai su ba sa jin tsoro ne ko dole aka yi musu? Kuma ya zaman cikin jirgin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoro kam akwai shi sosai, duk da galibinsu su suka zaɓi aikin jirgi da kansu, kuma yara ne fa, da yawa ba su wuce shekara 21 ko 22 ba. Ingila ta gwada harin rana ta sha wuya sai ta koma dare, su kuma Amurkawa suka dage wai sai da rana ake ganin abin da za a doka.

Ɗauki garin Schweinfurt na Jamus inda ake ƙera boris, wanda ba tanka ba jirgi da zai motsa ba shi. Ranar 17 ga Agusta 1943 manyan jiragen jefa bam samfurin B-17 guda 376 suka tashi zuwa can da garin Regensburg, 60 ba su dawo ba, kuma kowanne mutum 10 ne a ciki. Ranar 14 ga Oktoba aka sake tura 291, aka sake rasa 60. Matsalar ita ce ƙananan jiragen da ke musu rakiya mai ba ya isarsu, daga kusan bakin iyakar Jamus sai su juya a bar manyan su kaɗai, haka aka yi ta fama har P-51 Mustang, jirgin rakiya mai cin dogon zango, ya zo.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne sanyin. A ƙafa 25,000 sanyi yana kai digiri 40 ƙasa da sifiri, tagogin masu bindiga na gefe a buɗe suke, in bindiga ta cije ka cire safar hannu dan ka gyara sai fatar yatsunka ta manne da ƙarfen. Numfashinka ma daskarewa yake cikin abin shaƙar iska ya toshe shi, mutum ya sume ba wanda ya sani, shi ya sa ake ta kiransu ɗaya bayan ɗaya ta waya kowa ya amsa. Wanda ke cikin ƙwallon bindigar da ke ƙasan jirgi kuwa a dunƙule yake awa da awa, yawanci ko lemar dira ba ta shiga wajen. In an zo daf da masana'antar kuma ba kaucewa, dole jirgin ya miƙe sak cikin ruwan wuta har a saki bam.

A lokacin sai ka je hari sau 25 kafin a sallame ka gida. Boris ɗin kuma bai yanke wa Jamus ba, sun rarraba masana'antun suka ƙaro daga Suwidin, ga mutanen gari da waɗanda aka kamo aikin dole da suka mutu a ƙasa.