Yayan ya ce maguɗi ne, ƙanwar ta ce tsoronta yake ji: wa ya fi gaskiya a kan Mario Kart?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, ina zaune a Fadamar Mada, Bauchi. Ƙanena ya kawo wa yara tsarabar Nintendo Switch da wasan tseren mota a ciki, Mario Kart 8 Deluxe. Tun da abin nan ya shigo gidan ban huta da rabon faɗa ba. Babban, mai shekara 15, ya ce wasan banza ne, sa'a ce kawai, domin sai yana kan gaba wani abu ya faɗo masa a ka, ƙanwarsa 'yar shekara 7 ta wuce shi. Yanzu ya dage sai an sayar an sayo PlayStation, ƙannen kuma sun ce ba su yarda ba. Shin da gaske akwai maguɗi a wasan? Kuma akwai abin da zai taɓa tarbiyya a ciki?

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi dariya da na karanta saƙonki, domin wannan ƙarar ana kawo mini ita kusan kowane mako a shagon gem ɗina da ke wajen Wunti, kuma kullum mai ƙarar shi ne wanda ya fi iyawa.

Ɗanki bai yi ƙarya ba. Wasan yana tallafa wa na baya, yana kuma takura wa na gaba. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar hakan a matsayin lalacewa ko maguɗi. Da gangan kamfanin Nintendo ya gina shi a haka, kuma tun Super Mario Kart na 1992, wanda ya buɗe wannan zuri'a, ake tafiya a kan wannan tsari.

Ga yadda abin yake. A kan hanyar tseren akwai wasu akwatuna masu alamar tambaya. Duk wanda ya bi ta cikinsu zai samu wani kaya, amma ba rabon-daidai ake yi ba. Na'urar tana duba matsayinka da tazarar da ke tsakaninka da na farko. In kana gaba, sai ta ba ka sulalla, ko ɓawon ayaba, ko koriyar ƙwaryar kunkuru, wato galibi ƙananan kayan kare kai. In kana can baya kana shan ƙura, sai ta buɗe maka taska: tauraron da ke sa ka gudu babu abin da zai taɓa ka, laimar kwaɗi guda uku masu ƙara wuta, aradun da ke ƙanƙantar da kowa ban da kai, ko wani harsashi mai ido da hannu da ake kira Bullet Bill, wanda za ka rikiɗe ka koma shi ya yi ta kutsawa da kai ba tare da ka riƙe sitiyari ba.

Abin da ke faɗo wa ɗanki a ka kuwa, shuɗiyar ƙwarya ce mai ƙayoyi. Ta fara bayyana a Mario Kart 64 na 1996, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta nemo wanda ke kan gaba ta tarwatse a kansa. Babu wani kaya a wasannin tsere da ya kai ta baƙin jini.

A kan wannan ƙwaryar ce ra'ayin 'yan wasa ya rabu, a nan Bauchi da ko'ina a duniya. Ɓangare ɗaya na cewa zalunci ne a hukunta mutum don ya iya tuƙi. Ka yi zagaye biyu da rabi cikin uku babu kuskure, kana hango layin ƙarshe, sai wanda tun farko yake karo da bango ya danna maɓalli ɗaya ya mayar da kai na biyar. Ɗaya ɓangaren na cewa in aka cire wannan, me ya rage? Wanda ya fi iyawa zai tsere tun a kwanar farko, sauran su zama 'yan rakiya, bayan tsere uku kowa ya ajiye hannun wasa ya tashi.

Ni ina tare da ɓangare na biyu, musamman a gida irin naki. Ki duba wasan ƙwallo da samari ke yi a PlayStation: in kika haɗa ɗan shekara 15 da 'yar shekara 7, zai zura mata goma ba ta taɓa ƙwallo ba, ta fashe da kuka, shi ke nan an tashi. A Mario Kart ne kaɗai za su zauna a tabarma ɗaya, ita ma tana da abin sa rai har zagayen ƙarshe. Wannan shi ne sirrin kasuwarsa, domin Mario Kart 8 Deluxe, wanda ya fito a Afrilun 2017, an sayar da sama da kwafi miliyan 60, kuma babu wasan Switch da ya kamo shi.

Sai dai maganar "sa'a ce kawai" ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma akwai hanyar gwadawa a falonki yau da daddare. Kada a yi hukunci da tsere ɗaya. Kowane kofi tsere huɗu ne, na farko yana samun maki 15, na biyu 12, na uku 10, har zuwa na goma sha biyu mai maki 1. Su yi kofi uku a tara makin. In har yayan ya iya kamar yadda yake faɗa, zai ba ta rata mai yawa. Shuɗiyar ƙwarya tana iya ƙwace maka tsere ɗaya, ba ta iya ƙwace goma sha biyu.

In kuma aka tara aka ga sun yi kankankan, to a nan akwai magana. Na taɓa ganin irin haka a shagona. Wani saurayi gwanin ƙwallo ya zo da ƙaramin ƙanensa, yaron ya doke shi kofi biyu a jere. Saurayin ya ce hannun da na ba shi ne ya lalace. Na sauya masa, aka sake doke shi. Da na tsaya a bayansa ina kallo sai na ga matsalar: yana shiga kwana kamar mai Keke Napep da ya cika fasinja, ya saki mai, ya lallaɓa, ya miƙe. Kaya kuwa da ya samu sai ya jefar nan take, bayansa a buɗe. Yaron ya san abin da yayan bai sani ba.

Ga abin da yaron ya sani, ki nuna wa ɗanki wannan sashen. Ba a sakin mai a kwana, zamewa ake yi: ka riƙe maɓallin R kana karya sitiyari, motar ta tafi a karkace, tartsatsi ya fara fita a tayoyin baya. Shuɗi ne da farko, sannan ruwan lemo, sannan ruwan hoda mai duhu. In ka saki maɓallin sai motar ta yi tsalle gaba, kuma gwargwadon launin da ka kai gwargwadon ƙarfin da za ka samu. Sulallan da ke warwatse a hanya ba ado ba ne, suna ƙara gudu har ka tara 10. Ɓawon ayaba ko koriyar ƙwarya ba jefarwa ake yi ba in kana gaba, riƙe su ake yi a bayan mota, su tare jar ƙwaryar da ke bin mutum. A wajen tashi, in lambar 2 ta bayyana ka danna mai ka riƙe, za ka fita da wuta. In ka yi gaggawa tun a 3 injin ya shaƙe ka tsaya kana hayaƙi. Ita kanta shuɗiyar ƙwaryar tana da magani. Akwai wani jan akwatin hon da in ka busa shi lokacin da take shawagi a kanka zai tarwatsa ta, kuma gwanaye suna kauce mata da laimar kwaɗi in suka daidaita lokacin.

Har ma akwai wata dabara da ta raba kan gwanayen intanet. Wasu da gangan suke ja da baya a farkon tsere, su tara manyan kaya, sannan su yi dirar mikiya a zagayen ƙarshe. Wasu na ganin wayo ne, wasu na ganin ɓata wasa ne. Ni dai ba ta burge ni, amma ta isa shaida cewa ko sa'ar ma lissafa ta ake yi.

Akwai kuma wani abu da nake zargin shi ne rabin rigimar gidanki. Ki duba bayan motar autar, za ki ga wata 'yar eriya. Alamar taimakon sitiyari ce, wadda ke hana mota faɗawa rami ko fita daga hanya, kuma a kunne wasan yake zuwa da ita. Akwai wani taimakon na biyu da ke taka mata mai da kansa. Da waɗannan biyun, yaro ɗan shekara 4 ma zai kai ƙarshen tsere. Ki bar wa autar nata. Amma mai yiwuwa shi ma yayan tasa eriyar a kunne take bai sani ba, alhali tana hana shi tartsatsi na uku, tana kuma janyo shi in ya nemi yanke ta wasu gajerun hanyoyi. Ya danna maɓallin + ana cikin tsere, zai ga inda ake kashewa.

Don zaman lafiya, ku bar gasar kofi ku shiga sashen da aka rubuta VS Race. A nan ku ne masu kafa doka. Ana iya cire kaya gaba ɗaya, kuma tun sabuntawar Disamban 2022 ana iya zaɓar kayan ɗaya bayan ɗaya, wato a kori shuɗiyar ƙwarya a bar sauran. Shawarata a yi rabo: kofi ɗaya da dokar yaya, kofi ɗaya da dokar ƙanne. Mafi daɗi ma a sa su a ƙungiya ɗaya su fuskanci motocin da na'ura ke tuƙawa, makinsu ya haɗu. Ranar da nasarar ƙanwa ta zama ribar yaya, za ki ji shi da bakinsa yana koya mata kwana.

Batun tarbiyya, hankalinki ya kwanta. Babu jini, babu kisa, babu zagi. Wanda ya faɗa rami ko ruwa, wani ɗan kunkuru mai yawo a kan gajimare ne ke ciro shi da ƙugiya ya mayar da shi hanya. Hukumar da ke tantance wasanni a Turai ta sa shi a rukunin 'yan shekara 3 zuwa sama, ta Amurka kuma ta ce na kowa ne. Akwai kiɗa daga farko har ƙarshe, in gidanku ba a so sai a rage murya, ba ya hana wasa. Akwai kuma filayen da ke da fatalwowin zane, waɗanda ƙaramin yaro mai tsoro zai iya ƙi. Yin wasa da baƙi ta intanet sai an biya kuɗin rajistar Nintendo Switch Online, kuma ba kwa buƙatarsa, mutum huɗu na iya yi a talabijin ɗaya ba tare da data ba.

Abin da ya fi cancantar sa idonki shi ne lokaci. Tsere ɗaya bai fi minti uku ba, shi ya sa "saura ɗaya, Umma" ba ya ƙarewa, har a kira Magariba ba a yi haddar Islamiyya ba. Ki riƙa yanka musu da kofi, ba da minti ba: kofi biyu, wajen rabin awa ke nan, a tashi. Akwai kuma manhajar waya kyauta, Nintendo Switch Parental Controls, wadda ke ƙayyade lokacin yini, tana iya dakatar da wasan in ya cika.

Saura maganar sayarwa. Ki sani Mario Kart ba ya hawa PlayStation ko kaɗan, na Nintendo ne shi kaɗai. Mafi kusa da shi a can shi ne Crash Team Racing Nitro-Fueled na 2019, sabon zubin wanda ya fito a 1999, wanda irinmu muka taso da shi a PlayStation ta farko. Wasa ne mai kyau, kuma masu cewa ya fi Mario Kart buƙatar gwaninta suna da hujja, domin ƙara wuta a kwanarsa sai an daidaita dannawa har sau uku. Amma wannan ɗin ne zai kori autarki daga tabarma. Ga kuma maganar wuta: Switch tana da batirinta, in aka ɗauke wuta sai a zare ta daga mazauninta a ci gaba a kan ƙaramin allonta. PlayStation kuwa sai janareta ko inbata, ita da talabijin ɗin duka. A Bauchi wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Wataƙila ɗanki zai kawo miki zancen sabon, Mario Kart World, da ya fito a Yunin 2025 mai ɗaukar motoci 24 a tsere ɗaya. Ba ya aiki a na'urarku, sai Switch 2, kuma an sa masa dala 80 a Amurka, farashin da 'yan wasa da yawa suka yi ƙorafi a kai. Wasu kuma sun koka da dogayen miƙaƙƙun hanyoyin da ke haɗa filayensa. Shuɗiyar ƙwaryar ma tana nan a ciki. Wanda ke hannunku yana da filaye 48, akwai wasu 48 da ake saya daban, ba za su ƙare su nan kusa ba.

Don haka kada ki sayar. In yayan yana son wurin da babu sa'a ko ɗigo, yana nan cikin wasan da yake rainawa: sashen Time Trials. Shi kaɗai ne a fili, babu akwati, babu ƙwarya, laimar kwaɗi uku kawai da agogo. A kowane fili akwai inuwar motar wani ma'aikacin Nintendo da aka adana tuƙinsa. Ya kashe eriya, ya doke inuwar a matakin gudu na 150cc, sannan ya gwada 200cc, matakin da ya fi sauri, inda dole sai an taɓa birki. In ya gama da filaye goma a haka, Hajiya, ki turo shi Wunti ranar Asabar, akwai yara biyu a shagona da suka daɗe suna neman abokin karawa.