Me ke tayar da naƙuda? Tambayoyinku da amsoshin likita

Tambaya: Likita, cikin fari gare ni, ya kai mako 39. Kullum marata sai ta ɗaure ta saki, amma shiru. Wai me ke tayar da naƙuda ne? (Wata mai ciki daga Zariya)

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Wannan ɗaurewar da kike ji shiri ne, domin mahaifa takan yi makonni tana kintsawa kafin ranar. Ƙwayoyin gadon da ke cikin tsokar mahaifarki su ne dai waɗanda kika zo duniya da su. Abin da ke sauyawa shi ne wanne ke aiki, wanne ke barci.

Tsawon goyon ciki, sinadarin furojestaron da mabiyiya ke fitarwa shi ke danne ƙwayoyin gadon da ke sa mahaifa matsewa. A tumaki da ɓeraye, sinadarin yakan ragu a jini gab da haihuwa. A mace kuwa yana nan da yawansa har mabiyiya ta faɗo. Mahaifar ce ke daina jin maganarsa, saboda irin makarɓan da take ƙera masa, wato wuraren da sinadarin ke maƙalewa a jikin tsoka ya isar da saƙonsa, ya canza. Daga nan sai waɗanda aka danne su farka. Wani ya ƙera makarɓan oksitosin, sinadarin da ke sa mahaifa ta matse. Wani ya ƙara furostagilandin mai tausasa bakin mahaifa. Wani kuma, wanda ni ya fi burge ni, yana ƙera koneksin 43, wasu 'yan ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyin tsoka da saƙo ke bi ya wuce daga wannan zuwa waccan. Kafin a buɗe su, kowane sashe na mahaifa yana matsawa ne shi kaɗai, shi ya sa naki ciwon ke zuwa ya tafi ba tsari. In sun buɗe, sai abin ya koma kamar lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a kan lokacinta. Ita ce naƙudar gaskiya: ciwo na zuwa a jere, tazarar na raguwa, ƙarfin na ƙaruwa.

Ƙwayoyin gadon kumburi ma sukan tashi, su kira fararen ƙwayoyin jini zuwa bakin mahaifa su sassauta shi. Ki ci gaba da zuwa awo. In faya ta fashe, ko kika ga jini, ko motsin yaro ya ragu, kada ki jira ciwo.

Tambaya: An sa wa maiɗakina ruwan naƙuda kusan yini guda bai yi aiki ba, sai tiyata aka yi. Matar maƙwabcina kuwa ana sa mata ta haihu. Ruwan ne marar kyau? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, barka da arziki. Oksitosin kan rage ƙarfi in ya sha zafi a ajiya, wannan gaskiya ne, amma sau da yawa bambancin daga mahaifar yake. Abin da ke cikin ruwan naƙudar shi ne oksitosin, wanda masanin kimiyya Henry Dale na Ingila ya gano tasirinsa a kan mahaifa a 1906, aka kuma fara haɗa shi a ɗakin gwaji a Amurka a 1953. Ba ya aiki sai ya samu makarɓansa a jikin tsoka. Matar da mahaifarta ta riga ta tara makarɓan, bakinta ya yi laushi, kaɗan ya ishe ta. Wadda ba ta kai nan ba, ko an ƙara ba lallai ta motsa ba. Shi ya sa mukan duba bakin mahaifa tukuna, in da tauri mu fara da ƙwayar misofurostol. Kuma in ruwan ya daɗe yana shiga, makarɓan kan ja da baya, mahaifa ta gaji, bayan haihuwa ta kasa matsewa, jini ya ɓalle.

A nan zan ja kunne kan allurar naƙuda da ake sayowa a kemis a yi wa mace a gida. Duk matsewa ɗaya tana rage jinin da ke zuwa ga yaro, sai mahaifa ta saki yake samun sararawa. In allura ta hana ta saki, yaro ya galabaita, mahaifar ma tana iya fashewa. In kuma ƙugu ne ya yi wa kan yaro kaɗan, ba allurar da za ta buɗe ƙashi.

Tambaya: Mahaifiyata ta haifi bakwaini, yayata ma haka. Gado ne? (Wata amarya)

Amsa: Akwai hannun gado, amma ba shi kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan mata sama da 43,000 ya gano wurare shida a ƙwayoyin gadon uwa masu alaƙa da tsawon goyon ciki, sai dai matan duk 'yan asalin Turai ne, don haka ba a auna ki da shi kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin mako 37 a 2020, kusan ɗaya cikin goma. Abin da ke hannunki shi ne wannan: ciwon sanyin mara, cutar mafitsara da zazzaɓin cizon sauro suna iya tayar da ƙwayoyin gadon kumburin nan tun lokaci bai yi ba. Ki fara awo da wuri, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya tarihin gidanku, a gwada fitsari, ki kwana cikin gidan sauro.

Tambaya: Na haihu kwana uku, da na sa jariri a nono sai marata ta murɗa. Lafiya? (Wata mai jego daga Kumasi)

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Tsotson ne ke sakin oksitosin, mahaifa ta matse ta tsayar da jini. Daga nauyin kusan kilo 1 take komawa ƙasa da giram 100 cikin mako shida, wajen lokacin da za ki yi arba'in ke nan. Ciwon ya fi tsanani ga wadda ta haihu sau da yawa, kuma yakan lafa cikin 'yan kwanaki. In jini na zuba guda-guda, ko yana wari, ko da zazzaɓi, a kai ki asibiti a ranar.