Maganar bindigar toka da ka tambaye ni

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa ba don sai da na gama dariya tukuna, daga baya kuma dariyar ta koma min tunani har na kasa barci. Wai kai ne za ka sayi bindigar toka ka rataye a falo, ran Asabar ka fita bayan gari kana harbin gwangwani saboda ka ga Turawan Amurka na yi a YouTube, kuma kana tambayata ko a al'ada wanda ba maharbi ba zai iya riƙe ta don sha'awa, sannan wai ina bindigar kakanku take. Kai da ko zakara za a yanka a gidanka sai an kira maigadi!

To ai mu da muka taso ba a cewa sha'awa a kan bindiga. Ko dai gidan maharba ka fito, ko kana cikin ƴan bindigar sarki ko na hakimi, kuma kowanne akwai babba a kansa da zai ce ɗura ko ya ce ajiye. Ka lura ma da sunan, ƴan bindiga. Da in an faɗi haka yara murna suke, an san Sallah ta zo, sarki zai fito. Yanzu ka kunna rediyo ka ji an ce ƴan bindiga sai gabanka ya faɗi ka fara lissafin wa kake da shi a Zamfara ko Katsina. Har sunan ma sun ƙwace mana, Allah ya isa. Abin kuwa ya daɗe, masu tarihi sun ce a Kano Sarki Babba Zaki ne ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaronsa, shi kuwa ya yi mulki tun 1768 zuwa 1776, kafin Shehu ya yi jihadi ma.

Baba, wato kakanka, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu harba wa hakiminmu in za a shiga birni hawan Sallah. Ni ne ɗan rakiyarsa, ni ke riƙe ƙahon albarushi da jakar tsumma, babanka lokacin bai fi tafiya da rarrafe ba, kar ya ce maka ya san komai. Harbin Sallah ba a sa harsashi, albarushi ne kawai da tsumma a danna da sandar ɗuri, a ɗaga baki sama, amma ƙarar in ka ji sai ka ce ganuwa ce ta rushe, hayaƙi fari ya turnuƙe, warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya kama maka riga kwana uku. Dawakan da suka saba ko kunne ba sa kaɗawa, sababbi kuwa sai ka ga sun miƙe da ƙafa biyu mahayi yana salati rawani na warwarewa.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba babanka ba. Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, 1973, Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar hunturu, ina da shekara sha huɗu. Ranar Sallah an yi Idi a Ƙofar Mata lafiya, washegari hawan Daushe, ranar da sarki ke zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa ya dawo Ƙofar Kudu a yi jafi, lokacin Ado Bayero yana matashi, shekararsa tara da ƴan watanni kenan a kan gado. Mun sauka a gidan wani aminin Baba a cikin birni. Da hantsi Baba ya jingine bindigar a lungun zaure ya shiga cikin gida cin abinci, ya ce min kar ka taɓa. Ni kuwa tun jiya raina ke min zafi, don wani yaro ɗan tawagar wani hakimin ya ce tasu ta fi tamu ƙara, wai tamu tari take yi. Sai Shaiɗan ya ce min ai gyaran ba wuya, ƙara mata abinci. Na leƙa ba kowa, na buɗe ƙahon na zuba son raina ba awo ba komai, na cusa tsumma na danna na kuma dannawa, na mayar da ita yadda take har ina jin daɗi yau za a san waye mai tari. Abin da ban sani ba shi ne Baba ya riga ya ɗura ta tun da safe.

Da ya fito ya ɗauka, abu na farko da yake yi kullum, ko shi ya ajiye ta da hannunsa minti biyar da suka wuce, shi ne ya zura sandar ɗuri a bakinta. A jikin sandar akwai tsaga biyu da ya yi da wuƙa, ɗaya in babu komai a ciki, ɗaya in akwai ɗuri ɗaya. Ran nan sanda ta tsaya can sama, tsagar biyu duk suna waje kusan tsawon yatsa huɗu. Ya zaro ya sake zurawa. Ya juyo ya dube ni, wallahi ɗana har yau in na rufe ido ina ganin kallon nan, bai ce uffan ba, da ma ya mare ni da ya fi min sauƙi. Sai ya ce ɗauko igiyar guga ka biyo ni.

Muka yi ta tafiya, mutane na tururuwa zuwa Ƙofar Kudu da sababbin kaya ana kiɗa ana busa, mu muna yin baya, har muka fita ganuwa muka shiga gonaki, an riga an girbe sai kara. Ya ɗaure ta tamau a jikin wata tsohuwar tsamiya baki na kallon sama, ya ɗaura igiya a kunama, muka ja baya muka kwanta a bayan wani tudu. Ya miƙo min igiyar ya ce kai ka dafa kai za ka ci, ja. Hannuna na rawa na ja. Ban san ƙara tana da nauyi ba sai ranar, na ji ta a ƙirjina kafin kunne, ɓawon tsamiya ya yi ta zubo mana, wasu balbelu suka tashi. Da hayaƙi ya lafa muka je, bututun ya tsage daga gindi ya buɗe kamar an ɓare rake, wani ɓallin ƙarfe ya nutse a jikin bishiyar sai da wuƙa aka ciro shi. Baba ya sa yatsa daidai inda ya tsage ya ce nan hannuna na hagu yake zama, nan kuma fuskata, ga jama'a dama da hagu. Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai yi hawan Daushe ba, bai yi na Nasarawa ba, da hakimi ya aiko tambaya ya ce bindiga ce ta tsufa. Ya rufa min asiri har ya koma ga Allah. To ka ji inda bindigar kakanku ta tafi, baffanka ne ya kashe ta.

A hanyar komawa ne ya ce min abin da shi ma babansa ya gaya masa, wai bindiga ba ta san mai ita ba, kuma wadda ka tabbata babu komai a cikinta ita ce ke kisa. Yana yawan cewa in ta yi gardama ba ta tashi ba kar ka kuskura ka leƙa bakinta, ka bar ta tana kallon sama ka jira, don wuta na iya yin kwanton ɓauna a ciki. Kuma ba a zuba albarushi daga ƙaho kai tsaye bayan harbi, sai a awo. Su waɗannan duk ba a allo aka rubuta su ba, da yatsun mutane aka biya kuɗinsu, ka je wurin tsofaffin maharba ka gaisa da su ka ƙirga. Yanzu kuwa yaro zai kalli bidiyon minti uku ya ce ya iya, ya je wurin maƙerin da ba a san wa ya koya masa ba a haɗa masa da bututun da Allah kaɗai ya san daga jikin me aka ciro shi.

Su Turawan da kake kallo suna da filinsu da ƙungiyarsu da ƙarfen kamfani da aka gwada, ba wanda zai tare su a hanya. Kai fa? Dokar bindigogi ta 1959 har bindigar toka ta sa a lissafi, maganar lasisi ce wurin ƴan sanda, ba abin da za ka jefa a but ɗin mota ba ne ka ce ai ta gargajiya ce. Kuma ka manta abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ƙarshen azumin 2025? Mafarauta ne za su dawo Kano yin Sallah, aka ga irin wannan bindigar a motarsu, mutum 16 aka kashe. Waɗanda gadonsu ne kenan, ina ga mai karambani. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ban ce maka haramun ba ne, ni ba malami ba ne, kuma ƙarya nake in na ce ba na kewar warin albarushin nan, ko bara da na ji an harba sai da hawaye ya zo min. In da gaske kake akwai wani dattijo da suka yi zamani da Baba, ƴaƴansa har yanzu suna fita hawa, sai in kai ka ka riƙe musu jakar tsumma Sallah biyu ko uku mu ga ko sha'awar za ta kai. Ni shekara huɗu na riƙe kuma ka ji abin da na aikata.

Ka zo ran Juma'a bayan masallaci, katakon gindinta da sandar ɗurin suna nan a ɗakin shirgi, tsagar biyu ba su goge ba. Kar ka gaya wa babanka labarin nan, ni zan gaya masa da bakina. Ka gaida mai ɗakinka da yara, kuma in za ka taho ka zo min da cajar nan da ka yi alkawari, wannan sai na ɗaure ta da kyauro take kamawa.