Filin Tambayoyinku: Na haddace Il Jang amma ba na dawowa inda na fara

TAMBAYA: Salam malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan tumatir ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wata biyar kenan da na shiga taikwando, ranar Asabar da Lahadi nake zuwa Surulere ɗaukar horo. Na haddace Taegeuk Il Jang, jerin motsin da koci ya ba ni, tsaf amma duk na gama sai in ganni na kauce daga inda na fara, wani lokacin har taku biyu, koci yace haka ba zan tsallake jarrabawar bel ba. Ɗakinmu mu huɗu ne babu filin motsi. Kuma na duba YouTube naga wani yana yin wani daban wai shi Chon-Ji, kaina ya ɗaure. Dan Allah a taimaka. Daga ƙaninku a Mile 12.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena. Bari in fara da na YouTube ɗin don shi ne mai sauƙi. Taikwando gida biyu ne manya. Akwai ƙungiyar ITF da Janar Choi Hong Hi ya kafa a 1966, su nasu tsarin motsin tul suke ce masa, guda 24 ne, Chon-Ji da ka gani nasu ne, motsi 19. Sai ɓangaren Kukkiwon da ke birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wanda aka buɗe a 1972, su nasu tsarin motsin poomsae suke ce masa, Taegeuk guda takwas kafin baƙin bel, Il Jang ne na farkonsu, sannan a shiga Koryo na masu baƙin bel. Tunda kocinka Il Jang ya ba ka to kai ɗan Kukkiwon ne, ka bar Chon-Ji ya huta, kar ka haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Yanzu maganar kaucewa. Wallahi duk wanda ya yi wasan nan ya sha wannan, kuma kusan kullum laifin ƙafa ne, mu kuma hankalinmu na kan hannu saboda shi ake gani, shi ke ba da sha'awa. Il Jang motsi 18 ne a kan layi uku, da hanya ɗaya a tsakiya da ta ratsa su. Tsayuwa iri biyu ce kawai a ciki, ap seogi wato gajeren taku kamar kana tafiyarka ta kullum, da ap kubi doguwar nan da kake lanƙwasa gwiwar gaba ka miƙe ta baya, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinka a gaba. To ka lissafa da kanka, ap kubi biyu kake yi zuwa gaba, a motsi na 5 da na 11, sannan biyu a dawowa, na 17 da na 18 inda kake kihap, wato ihun ƙarshe. Biyu sun kai ka biyu su dawo da kai. In tsayin huɗun nan bai zo ɗaya ba ina za ka dawo? Yawanci a tafiya mutum na ɗari-ɗari sai ya taƙaita, a dawowa kuma ya ga an kusa gamawa ga ɗokin ihu sai ya zabga taku kamar zai tsallake kwata, shikenan ya wuce wurinsa.

Abin da za ka yi, nemi alli ko gawayi ka yi alama inda ka tsaya, ka ɗaure hannayenka a baya, ka yi duk Il Jang da ƙafa zalla. Babu tarewa babu naushi. A hankali, kana ƙirga hana, dul, set, net (ɗaya zuwa huɗu da Koriyanci) a bakinka, kowace tsayuwa ka dakata ka duba ƙasa ka gani. Ni lokacin da nake koyo a bayan gidanmu a Agege na yi sati biyu ina wannan, matar maƙwabcinmu tana shanya tana kallona tana dariya wai ko na yi ɓatan kuɗi ne nake ta duba ƙasa. Ranar da na dawo da hannu ciki sai na ga diddigena ya sauka kan gawayin cif.

Sai juyi, nan ma ana asarar wuri sosai. Ka juya a kan tudun tafin ƙafa na gaba, wajen gindin yatsu, kar ka juya da diddige, kuma kar ka ɗaga ƙafar da kake juyawa a kanta ka sake ajiyewa, duk ɗagawa ɗaya tana matsar da kai ɗan kaɗan, kaɗan ɗin nan in ya taru sau shida ai ya zama taku. Ido ya riga jiki, ka fara kallon inda za ka sannan ka juya.

Batun ɗaki kuwa, wa ke da fili a Legas? Yanka shi za ka yi. Motsi huɗun farko layi ɗaya ne, hagu da dama, tsakanin katifa da ƙofa ma ya isa in abokan kwanan sun fita. Ka yi shi sau goma bayan asuba kafin motocin kaya su fara saukewa, gobe ka ɗau layi na biyu. Cikakken kuma ka bari sai ka samu fili ko ranar da kake Surulere. Ka jingina wayarka da bokiti ta ɗauke ka bidiyo daga gefe, abin da za ka gani ba zai maka daɗi ba, ni da na fara ganin nawa sai da na kashe wayar, amma nan za ka ga ƙafar bayan da kake rantsuwa a miƙe take ashe a lanƙwashe take.

Wani abu da na lura da yaranmu, kowa so yake ya zama Chika Chukwumerije da ya ciyo tagulla a Olamfik na Beijing a 2008, sai a raina poomsae a ce rawa ce. Alhali shi ma gasa ce mai zaman kanta, tun 2006 ake yin ta duniya. Maki 10 ake bayarwa, 4 na daidaito 6 na yadda ka nuna ƙarfi da sauri da kuzari, ƙaramin kuskure a cire 0.1 babba 0.3, mantuwar kihap ma cikin manya take. Don haka ihun nan na ƙarshe ka fito da shi daga ciki, kai da ke kiran masu saye a Mile 12 ai ba a koya maka ɗaga murya.

Kuma kar ka taɓa Ee Jang, wato Taegeuk na biyu, tukuna sai koci ya ce. In ka yi sati biyun ka rubuto mana taku nawa ya rage tsakaninka da allin.